Dillalin da ke cikin jikinmu: sukarin da nama ba ya tsirowa sai da shi

Akwai wata 'yar allura da ake yi wa mutum a fatar ciki bayan tiyata, ko bayan an ciro wa mace jariri ta hanyar aiki, ko idan jinya ta kwantar da mutum kwanaki bai taka ƙasa ba. A takardar likita sunanta yakan fito da Lovenox ko énoxaparine, aikinta kuwa shi ne hana jini daskarewa a jijiya. A nan unguwar London da sauran unguwannin Libreville da 'yan uwanmu ke zaune, da wuya a sami maganin da aka fi yi mini tambaya a kansa kamar ta, kuma tambayar ɗaya ce: "Wai da gaske ne daga alade ake yin ta?"

Amsa a taƙaice ita ce e, gaskiya ne. Sai dai gajeriyar amsa tana iya cutarwa, domin wanda ya ji ta ya tsaya nan zai iya hana matarsa allurar da za ta tsare mata rai. Shi ya sa na ga gara in faro zancen daga tushe. Abin da ke cikin allurar nan wani irin sukari ne, kuma ɗan uwansa yana shimfiɗe a bayan kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka da nawa. Sai ya shiga tsakani kafin miki ya cike, kafin ƙashi ya miƙe, kafin ɗan tayi ya fitar da hannu da ƙafa.

Ɗan aike da mai ƙofa

An gina jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta da masana ke kira sel, kimanin tiriliyan 30. Sel mai lafiya ba ya rabuwa gida biyu don raɗin kansa, sai an aiko masa da umarni. Masu kawo umarnin wasu ƙananan furotin ne da likitocinmu ke kira da Faransanci facteurs de croissance. Mu kira su 'yan aiken girma.

A 1962 wani Ba'amurke, Stanley Cohen, ya tace ɗaya daga cikinsu daga glandar yawun ɓera. Da ya yi wa jariran ɓeraye allurarsa, sai idanunsu suka buɗe, haƙoransu suka fito tun lokaci bai yi ba. Wannan aiki, da na abokiyar aikinsa 'yar Italiya Rita Levi-Montalcini, ya sa suka sami kyautar Nobel a 1986. A 1974 kuma Denis Gospodarowicz ya samo wani daga ƙwaƙwalwar shanu, aka sa masa suna FGF. Shi ne abin zancenmu yau. Dangin FGF a jikin mutum sun kai 22, kuma ƙofofin da ke karɓar saƙonsu iri huɗu ne, daga FGFR1 zuwa FGFR4.

Mai ƙofar nan shi ma furotin ne, ya ratsa fatar sel: kansa a waje yana jiran ɗan aike, wutsiyarsa a ciki. Abin lura a nan shi ne, mai ƙofa ɗaya ba ya isar da saƙo. Sai an jawo guda biyu sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, sannan wutsiyoyinsu su taɓa juna a ciki, kowace ta liƙa wa 'yar uwarta wata alama ta sinadarin fosfet. Daga nan saƙo ya kama hanya, wannan furotin ya miƙa wa wancan, har ya isa tsakiyar sel inda kundin gado yake, a ce masa: rabu, ko tashi ka tafi bakin miki, ko zama ƙashi.

To, wa ke jawo masu ƙofar biyu wuri ɗaya ya riƙe su har magana ta ƙare?

Na ukun da ba a san da shi ba

A 1984 wasu masu bincike a birnin Boston, cikinsu akwai Yuen Shing da Judah Folkman da Michael Klagsbrun, suka lura cewa ɗan aiken da ke sa jijiyoyin jini tsirowa a cikin ƙari yana manne wa heparin ƙam. Da farko an ɗauki abin a matsayin dabarar tacewa kawai: a zuba ruwan nama ta kan heparin, ɗan aike ya maƙale, sauran tarkace su wuce.

Sai a 1991 aka gane cewa abin ya fi ƙarfin dabara. Ƙungiyoyi biyu a Amurka, ta Avner Yayon da David Ornitz da ta Alan Rapraeger da Bradley Olwin, suka gwada sel ɗin da ba su da wani sukari mai suna heparan sulfate a bayansu. Ga ɗan aike, ga mai ƙofa, amma shiru, babu abin da ya gudana. A gwajin su Yayon, da aka ɗiga heparin kaɗan a ciki, sai ɗan aike ya kama ƙofa. Ashe cinikin na mutum uku ne.

Kada mai karatu ya rikita wannan sukari da na shayi, ko wanda ake aunawa a jinin mai ciwon sukari. Wancan ƙwaya ɗaya ne ko biyu, makamashi ne da jiki ke ƙonawa. Wannan kuwa doguwar sarƙa ce, ƙwayoyin sukari gommai zuwa ɗaruruwa a jere kamar carbi, kuma sel ne ke ƙera ta da kansa ya rataya a jikin wasu furotin na fatarsa. Shan zaƙi ba ya ƙara ta, barin sa ba ya rage ta. A wurare daban-daban na sarƙar an ɗaura sinadarin sulfet, wanda ke ba ta cajin lantarki na ragi. Shi kuwa ɗan aike yana da wani gefe mai cajin ƙari, haka ma mai ƙofa. Kamar yadda maganaɗisu ke jan ƙusa, haka sarƙar ke kama su duka biyun. Guntun da bai kai ƙwayoyi takwas zuwa goma ba, galibi ba ya isa ya haɗa su.

Duk wanda ya san fataucin goro ko na shanu, irin wanda ya kawo kakanninmu har Oyem da Bitam da Minvoul, ya san aikin maigida da dillali. Baƙo ya sauka, maigida ya ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya hana shi yawo a garin da bai sani ba, sannan a nemo mai saye a tsaya a kai har a sallama. Kusan haka sukarin nan yake yi. Yana ajiye ɗan aike a tsakanin nama har ranar da aka ji rauni. Yana kare shi daga sinadaran da ke narkar da furotin. Yana hana shi yin nisa, don kada saƙon da aka aiko wa fatar yatsa ya faɗa hannun hanta. Sannan yana zaɓe: yadda aka jera sulfet a sarƙar wannan nama ya bambanta da ta wancan, saboda haka kowane nama da baƙin da yake saukarwa.

Gwaji a kan ɓeraye ya nuna nauyin al'amarin. Wanda aka cire wa FGF10 ana haihuwarsa babu hannu, babu ƙafa, babu huhu. Wanda aka hana wa ƙera heparan sulfate gaba ɗaya kuwa ko kwanakin farko na ciki ba ya wucewa.

Hoto biyu a shekara ɗaya

A 2000 aka ga surar cinikin da ido, ta hanyar daskarar da ukun a dunƙule a haska su da hasken X. Sai dai hoto biyu aka samu, kuma ba su yi daidai ba. A New York, Joseph Schlessinger da Moosa Mohammadi suka ga 'yan aike biyu, masu ƙofa biyu, sarƙar sukari biyu, kowane ɓangare madubin ɗan uwansa. A Cambridge ta Ingila, ba nisa da waccan London ɗin da ba tamu ba, Luca Pellegrini da Tom Blundell suka ga 'yan aike biyu da masu ƙofa biyu, amma sarƙa ɗaya tak a tsakiya, kowa ya riƙe gefensa.

An shafe shekaru ana muhawara kan wanne ne ke faruwa a jikin mai rai. Ni dai abin da ya fi jan hankalina shi ne inda suka yi ittifaƙi: a duka hotunan biyu, sukarin na nan a tsakiya yana riƙe da ɗan aike. Saɓaninsu kan yawan dillalai ne, ba kan buƙatar dillali ba.

Akwai ma 'yan dangin FGF guda uku, na 19 da na 21 da na 23, waɗanda riƙonsu ga sukarin ke da rauni. Saboda haka ba sa maƙalewa a gida, sai su shiga jini su yi tafiya mai nisa kamar fatake. FGF23 daga ƙashi yake tashi ya je ƙoda ya ce ta zubar da rarar fosfet. A can ma ba ya shiga kai tsaye, sai wani furotin mai suna Klotho, wanda Makoto Kuro-o ya gano a Japan a 1997, ya tsaya masa.

Idan ciniki ya karkace

Wannan ba ilimin ɗakin gwaji ba ne kawai. Mu ɗauki wadanci, irin wanda mutum ke da gajerun hannuwa da ƙafafu, da kai mai ɗan girma, gangar jiki kuwa daidai. A bakin dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsin da ke sa su tsawo, kuma aikin FGFR3 a wurin shi ne taka birki. A 1994 masu bincike a Paris da California suka gano cewa a jikin wada harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon wannan mai ƙofa, sai ya riƙa aika saƙo fiye da kima. Birki ya maƙale, ƙashi bai samu ya miƙe ba.

Ana samun haka a kusan haihuwa ɗaya cikin 25,000, a kowace ƙabila. Kimanin kashi 80 cikin 100 na waɗannan yara iyayensu masu tsayi ne kamar kowa, sauyin sabo ne, kuma kusan kullum ta ɓangaren maniyyin uba yake aukuwa. Ke nan babu abin da uwa ta ci ko ta taka, ba musanyar aljanu ba ce, ba kuma auren zumunci ne ya jawo ba. Laifin ba na kowa ba ne. Hankalin yaron lafiya lau. Abin da yake buƙata shi ne likitan yara ya riƙa duba girman kansa, da numfashinsa cikin barci, da ciwon kunne, da ƙarfin gaɓoɓinsa. Magungunan buɗe ciki da ake sayarwa a kasuwa ba sa ƙara masa ko santimita ɗaya. Akwai allurar vosoritide da aka amince da ita a Turai da Amurka a 2021, ana yin ta kullum, tana ƙara kimanin santimita ɗaya da rabi a shekara, amma tsadarta ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Idan kuma matsalar daga dillali take, wata cuta ce daban. Wanda ya gaji tawaya a ƙwayoyin gado na EXT1 ko EXT2, masu ƙera sarƙar sukarin, yakan fitar da ƙulle-ƙullen ƙashi kusa da gwiwa da kafaɗa tun yana yaro. A wasu nau'o'in ciwon daji, musamman na mafitsara, mai ƙofa ne ke lalacewa ya riƙa cewa "rabu, rabu" ko ba a aiko kowa ba. A 2019 Amurka ta amince da erdafitinib, ƙwayar da ke toshe wutsiyar irin wannan mai ƙofa.

An kuma mayar da 'yan aiken kansu magani. A Amurka an amince da man becaplermin don mikin ƙafar masu ciwon sukari a 1997, a Japan kuma akwai feshin FGF na gyambo tun 2001. Likita ne ke ba da su, bayan an wanke miki an tabbatar jini na isa wurin. Don haka idan aka tallata maka man shafawa a Mont-Bouët ko a waya wai yana ɗauke da facteurs de croissance masu mayar da tsohuwa yarinya, ka tuna cewa furotin ne babba wanda ba ya ratsa lafiyayyar fata cikin sauƙi, kuma zafi na lalata shi.

Ɓarawo ma ya san gidan dillali

Ƙwayoyin cuta sun koyi amfani da waɗannan sarƙoƙi. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, idan sauro ya zuba ta a jiki, tana da wani furotin a rigarta mai suna CSP wanda ke kama heparan sulfate na hanta, ta haka take gane masaukinta. A kan wani ɓangare na wannan furotin aka gina rigakafin RTS,S, kuma cibiyar bincike ta Lambaréné, wadda yanzu ake kira CERMEL, tana cikin wurare 11 a ƙasashen Afirka bakwai da aka yi babban gwajinsa daga 2009 zuwa 2014.

A 1996 kuma Michal Fried da Patrick Duffy suka nuna a Kenya cewa jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna manne wa wani ɗan uwan sukarin, chondroitin sulfate A, a mahaifa. Nan suke taruwa su rage wa jariri abinci. Cikin fari ya fi shan wahala, domin jikin uwa bai riga ya koyi tare wannan mannewar ba. Wannan shi ne dalilin ƙwayoyin Fansidar da ake ba mata a wajen awo, ko da ba sa jin zazzaɓi.

Daga fatar sel zuwa sirinji

Yanzu mu dawo kan heparin. Wani ɗalibin likitanci, Jay McLean, shi ya fara cin karo da abin a 1916 a jami'ar Johns Hopkins, yana aiki da hantar kare a ƙarƙashin William Howell, daga kalmar hanta ta Girkanci ma aka samo sunan. An fara yi wa mutane amfani da shi a shekarun 1930 a Toronto da Stockholm. Sarƙa ce irin ta heparan sulfate, sai dai ta fi ta yawan sulfet. Aikinta a jini ma dillanci ne: tana kama wani furotin mai hana daskarewa da ake kira antithrombin, ta ƙara masa sauri kusan sau dubu, idan kuma tsawonta ya kai ƙwayoyi 18 sai ta riƙe shi tare da abokin gabarsa thrombin har ya kashe masa kaifi.

Saboda sarƙar doguwa ce mai sarƙaƙiya, har yau daga dabba ake samo ta. Mafi yawa daga majinar hanjin alade ake tace ta, kuma China ce ke kan gaba wajen samar da ɗanyen kayan. Énoxaparine ita ce heparin ɗin da aka daddatsa gajeru da sinadarai. Akwai ta shanu, wadda Turai da Amurka suka bari a shekarun 1990 saboda cutar haukan shanu, amma ana yin ta a Brazil da Ajantina. Akwai kuma fondaparinux, mai sunan kasuwa Arixtra, ƙwayoyin sukari biyar kacal da aka harhaɗa a masana'anta ba tare da dabba ba, wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarun 2000.

Me zai hana kowa ya koma kansa? Ba ya maye gurbin heparin a ko'ina. Ta ƙoda yake fita, don haka ba a ba mai ciwon ƙoda mai tsanani. Injin wankin ƙoda da tiyatar zuciya heparin suke so, domin akwai maganin da ke karya shi nan take idan jini ya ɓalle. Ga mai juna biyu kuwa, énoxaparine da 'yan uwanta su aka fi sani, ba sa ƙetarawa ga jariri, alhali tsohuwar ƙwayar hana daskarewar jini ta warfarin na iya nakasa shi.

Malamai ba su bar mas'alar ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na 17 a Makka cikin Disambar 2003, ta duba hukuncin irin wannan gajeriyar heparin. Ta halatta magani da ita idan babu halattaccen madadin da zai wadatar, ta ce kada a wuce gwargwadon buƙata, ta kuma yi kira ga ministocin lafiya na ƙasashen Musulmi su nemi a riƙa yin ta daga shanu. Ni ba mai fatawa ba ne, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya je wurin malaminsa. Amma ya tafi da cikakken bayani: me ya sa aka rubuta allurar, akwai madadi ko babu, me zai faru idan aka bari.

Abin da zai faru idan aka bari ba ƙarami ba ne. Gudan jini na iya ƙulluwa a jijiyar ƙafa, ya ɓalle ya toshe hanyar huhu, mutum ya cika cikin mintuna. Saboda haka shawarata ga mai jinya ita ce: a yi wa likita maganar tun kafin ranar tiyata, ba bayan an sayo magani ba. A tambaye shi kai tsaye ko fondaparinux zai yi wa wannan majinyacin, da ko ana samun sa a farmasi. Idan ya ce ba zai yi ba, a nemi dalili. Kada a karɓi takarda a ce to, a koma gida a jefa ta ƙarƙashin katifa, likita na zaton ana yin allura. Wanda kuma ya ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi bayan haihuwa ko tiyata, ko numfashi ya sarƙe ba zato, asibiti za a nufa a daren, ba a jira gari ya waye.

Mu tsiraru ne a ƙasar nan, ba kowane likita ne ya san cewa tushen magani na damun mu ba, kuma ba kowane malami ne ya san abin da heparin ke yi a jini ba. Da Majalisar Ƙoli ta Harkokin Musulunci ta Gabon za ta zauna da likitocinmu da masu harhaɗa magani su fitar da 'yar takarda ɗaya, da Faransanci da Hausa, a raba a masallatai da wuraren awo, da an sauke wa iyalai da yawa nauyin yanke hukunci su kaɗai a bakin gadon asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.